GWAJIN JININ JARIRAI: RADDI GA MASU CEWA JA DA ƘADDARA NE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin wasu da ake yi wa kallon malamai, har ta shiga zaurukan karatu da wuraren suna da na ɗaurin aure, wai kai jariri asibiti a ɗigi jininsa domin a san ko yana da amosanin jini, wato sikila, rashin tawakkali ne, kuma leƙen gaibu ne, kuma ja da ƙaddarar Ubangiji ne. Wasu ma sukan ƙara da cewa wata dabara ce ta maƙiya don a rage yawan Musulmi. Da a ce maganar ta tsaya a fatar baki, da mun bar ta ta mutu da kanta kamar yadda maganganu da yawa irinta suka mutu. To amma maganar tana da kaburbura a bayanta, kuma ƙananan kaburbura ne. Don haka muka ga yin shiru a kanta ya zama cin amanar ilimi.

Kafin hukunci sai an san abin da za a yi wa hukuncin, kamar yadda malaman usulu suka karantar da mu. Ƙwayoyin jan jini na mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna lanƙwashewa su ratsa jijiyoyin da suka fi gashi siranta, kuma kowace ƙwaya takan yi kwana kamar 120 tana aiki. Na mai sikila kuwa, da zarar iskar oksijin ta yi ƙaranci a jiki, sai su tanƙware kamar lauje, su yi tauri, su toshe hanya, kuma ba su wuce kwana 10 zuwa 20 sai su farfashe. Daga nan ne ciwon ƙashin nan mai sa babban mutum kuka yake fitowa, da ƙarancin jini, da idanu su yi ruwan ɗorawa. Cutar gado ce, ba a ɗaukar ta a kwanon abinci ko a shimfiɗa. Kowane mutum yana karɓar rabin jinsin jininsa daga uwa, rabi daga uba. Wanda ya karɓi S daga ɓangare ɗaya kaɗai shi ne AS, lafiyarsa lau, yana noma yana fatauci yana tsufa. Wanda ya karɓa daga ɓangarorin biyu shi ne SS, shi ne mai ciwon. Akwai kuma SC, wanda ya fi sauƙi a galibi amma shi ma ciwo ne. Idan AS ya auri AS, to kowane ciki da matar ta ɗauka yana da kashi 1 cikin 4 na yiwuwar zuwa da SS. Muna jaddada kalmar "kowane", domin akwai masu zaton wai ɗa na huɗu ne kawai ke zuwa da ciwon, sai su haifi uku su ce sun tsira. Ba haka lissafin yake ba; gida ɗaya kan samu uku a jere, wani gidan kuma ya haifi takwas babu ko ɗaya.

Yawan abin a ƙasarmu ya isa ya hana mai hankali barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2006 cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila kowace shekara a Nijeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018, wanda aka gwada jinin yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5, ya samu yaro 1 cikin 5 AS ne, kuma kusan 1 cikin 100 SS ne. Amma labarin da ya fi dukan zuciya daga gida ya fito. A shekarun 1970, lokacin da ake babban binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma a Jigawa, likita Alan Fleming da abokan aikinsa sun gwada jinin mutanen ƙauyukan, suka buga sakamakon a 1979. Cikin sababbin haihuwa sun samu kusan 2 cikin 100 SS ne. Cikin 'yan shekara 1 zuwa 4 adadin ya faɗo ƙasa da 1 cikin 100. Cikin manya kuwa da ƙyar ake samun ɗaya. Ina suka tafi? Ba su warke ba, domin jinsin jini ba ya canjawa da girma. An haife su, an yanka musu rago, an raɗa musu suna, an rufe su, kuma iyayensu ba su taɓa jin sunan abin da ya kashe su ba.

To, me ya sa muke cewa a gwada tun yaro yana goye, maimakon a jira sai ciwon ya bayyana? Dalili shi ne wata hikima da Allah Ya sanya a cikin halittarSa. Jariri yakan zo duniya da wani nau'in jini na zaman ciki wanda ba ya tanƙwarewa, kuma wannan jinin yana kāre shi a watannin farko. Uwa za ta gan shi ɓul-ɓul, yana shan nono yana dariya, babu alamar komai. Daga wajen wata 6 wancan jinin yake ja baya, na gadon ya karɓi wurin. Alamar farko sau da yawa ita ce kumburin bayan hannu da na ƙafa, yaro yana tsala ihu in an taɓa shi. Amma tun kafin wannan, ɓarna ta riga ta soma a ɓoye cikin saifa, wadda ita ce ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Idan saifa ta gaza, zazzaɓin da ɗan maƙwabci zai yi kwana biyu ya miƙe, shi wannan yana iya kai shi kabari tsakanin azahar da asuba. Wani lokacin kuma saifar ce ke kumbura farat ɗaya ta tsotse jinin jikin, yaro ya yi fari fat, kafin a samo mota ya cika. Ashe ke nan wanda ya ce zai jira ya ga alama, sau da yawa alamar farko da zai gani ita ce likkafani.

Kuma sanin yana da amfani, ba sani ne na tayar da hankali kawai ba. A shekarar 1986 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka wanda ya nuna cewa ba wa ƙananan yara masu sikila ƙwayar fenisilin sau biyu a rana yana rage kamuwa da mugun ciwon da ke shiga jini ya kashe su da kashi 84 cikin 100. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da binciken kafin wa'adinsa, domin ci gaba da hana rabin yaran maganin ya zama zalunci. A shekara mai biye, 1987, likitocin ƙasar suka yi matsaya a riƙa gwada kowane jariri, kuma a yau fiye da 90 cikin 100 na masu sikila a can suna kai wa balaga. Kada wani ya ce ai wannan Amurka ce. A Jamaika, ƙasar baƙar fata mai ƙaramin ƙarfi, Graham Serjeant da mutanensa sun gwada jarirai 100,000 daga 1973 zuwa 1981, suka koya wa iyaye mata yadda za su riƙa lalubar saifar yaro da yatsunsu a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, su ruga asibiti in ta sauko; wannan darasin da ba ya cin kwabo ya rage mace-macen kumburin saifa ƙwarai da gaske. A Kumasi ta ƙasar Gana an soma gwajin jarirai tun 1995 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. A nan Kano ma, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likitocinmu sun yi bincike na shekaru a kan shanyewar ɓarin jiki, wadda kan sami kusan yaro 1 cikin 10 na masu SS idan ba a yi komai ba: ana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da wata na'ura da ba ta tsaga ko huda, wanda aka ga yana cikin haɗari a ɗora shi kan maganin haidiroksiyuriya. Ga fenisilin, ga alluran rigakafi a kan lokaci, ga gidan sauro da maganin kariya daga zazzaɓi, ga folik asid, ga yawan shan ruwa da kāre yaro daga sanyin hunturu da dukan ruwan sama. Duk waɗannan ƙofofi ne a buɗe, amma makullinsu ɗaya ne: a san cewa yaron nan SS ne.

Yanzu mu dawo kan masu cewa ja da ƙaddara ne. Muna tambayar su: shin sun fi Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, sanin ƙaddara? Labarinsa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, yana cikin Bukhari da Muslim. Ya fita zuwa Sham, ya isa Sarga, shugabannin runduna suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Muhajirai, ya yi da Ansaru, ya yi da dattawan Ƙuraishawa, sannan ya yanke hukuncin komawa. Abu Ubaida ɗan Jarrahi ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa masa da cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gaɓa biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshiya: duk inda ya kora dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya tabbatar da matsayin Umar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne shugaban masu tawakkali, amma ya yi guzuri ya ɗauki ɗan jagora ranar Hijira, ya sanya sulke biyu ranar Uhudu, an yi masa ƙaho ya biya mai ƙahon ladansa, ya umarci bayin Allah da su nemi magani, kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Aƙidar Ahlus Sunna a nan a bayyane take: dogaro da sababi shirka ne, watsi da sababi kuma tawaya ce a hankali da suka ga shari'a. Wanda ya gwada jinin ɗansa bai ƙara wa yaron kwana ɗaya a kan abin da aka rubuta masa ba, haka ma wanda ya shayar da shi nono. Amma ba mu taɓa jin wanda ya hana jariri nono da sunan tawakkali ba.

Batun leƙen gaibu ya fi wannan rauni. Gaibu shi ne abin da ya ɓuya ga gaɓoɓin sani, babu hanyar kai wa gare shi sai ta wahayi. Jinsin jinin yaro kuwa abu ne da ya riga ya kasance, yana gudana a jijiyoyinsa tun ranar da aka halicce shi, ana ganinsa a kan takardar gwaji kamar yadda ake ganin zafin jiki a ma'auni. Abin mamaki, mutumin da zai tsaya a kara ranar jajibirin Sallah ya buɗe bakin rago ya duba haƙoransa, ya duba ido ya duba kunne ya sa a tafiyar da shi don ya ga ko yana ɗingishi, kuma ya yi daidai domin shari'a ce ta sa shi, shi ne zai ce duba jinin ɗan cikinsa shisshigi ne ga ilimin Allah! Ragon layya ya fi ɗan Adam daraja ke nan?

Mai da'awar gaibu na gaskiya yana nan, kuma masu wannan fatawa ba su cika ɗaga masa murya ba. Shi ne bokan da ake kai wa yaron bayan an ƙi asibiti, ya buga ƙasa ya ce kishiya ce ta yi sammu, ko tsohuwar makwabciya ce mayya ta kama kurwarsa, ko iska ce ta shafe shi a bakin rijiya. Gidaje nawa aka raba da wannan ƙarya, tsofaffi nawa aka yi wa ƙazafi? Matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya sai a ce tana wabi, wai yaro ɗaya ne ke tafiya yana dawowa, a sa wa na gaba suna Ajuji ko Ayashe don a nuna wai ba a damu da shi ba, a ɗaura masa laya da guru da kambu. Wannan aƙidar dawowar matacce cikin mahaifa ba ta da gurbi a Musulunci ko kaɗan. Ba mu ce duk wabi sikila ce ba, domin ƙyanda da gudawa da zazzaɓi sun ci nasu rabon. Amma duk gidan da aka rufe yara biyu ko uku masu kumburin hannu da rawayar ido, wajibi ne a gwada uwa da uba da sauran yaran kafin a zargi kowa. Sannan ga wanzami da askarsa, yana yi wa yaron da jininsa bai kai rabin na mai lafiya ba tsaga a kan saifa don a fitar da "mataccen jini". Inna lillahi! Sun haramta ɗigo ɗaya da ma'aikaciyar asibiti za ta ɗauka daga dunduniya, sun halatta abin da aska ke zubarwa.

Masu cewa makirci ne don rage Musulmi, amsarsu gajera ce. Gwajin da ke sa yaro ya rayu ya girma ya yi aure ya haifi nasa, ta yaya zai rage al'umma? Abin da ya rage ta shi ne abin da aka gani a Garki.

Akwai kuma wasu 'yan'uwa na kirki da ke cewa ai an riga an magance matsalar da gwajin kafin aure, musamman tun da Jihar Kano ta kafa dokar tilasta shi a shekarar 2024. Muna goyon bayan gwajin kafin aure, kuma ba baƙon abu ba ne ga fiƙihu a kula da lafiya a sha'anin aure. Duk wanda ya karanta Risala ya san malamanmu na Malikiyya sun ba da zaɓin raba aure saboda hauka da kuturta da albaras. Amma gwajin kafin aure ba ya amfanar jaririn da aka riga aka haifa daren jiya. Kuma yakan zo a makare. Saudiyya ta tilasta shi tun 2004, ta bar wa ma'aurata zaɓi bayan an yi musu bayani, kuma a shekarun farko mafi yawan waɗanda aka gaya wa suna cikin haɗari aurensu suka yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, mu ma mun san shi a nan: an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, an buga kati, zukata sun riga sun ƙullu, sannan a ce a je gwaji saura mako biyu. A irin wannan matsin ne ake samun masu sayen takardar AA ta jabu, wanda ha'inci ne tsantsa da mai saye da mai sayarwa za su amsa a gaban Allah, kuma wanda zai biya farashinsa yaro ne da bai san an yi cinikin ba. Da a ce kowane saurayi da budurwa sun tashi da sanin jinsin jininsu tun suna goye, rubuce a katin rigakafinsu, da waliyyai sun yi tambayar tun ranar da aka zo neman izinin zance, a rabu cikin mutunci kafin a kai inda rabuwa ke zama tsaga zuciya.

A nan ya kamata mu kawar da wasu ruɗani, domin gwajin da aka yi ba daidai ba ya fi rashinsa illa. Rukunin jini, wato A da B da O da ake dubawa don ƙarin jini, daban yake da jinsin jini. Wanda aka ce masa shi O ne bai san komai ba tukuna game da sikila. Awon yawan jini da ake yi wa yaro duk lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi yana nuna jinin ya yi ƙasa ne kawai, ba ya faɗin dalili. Amma uwa ko uba na da haƙƙin su ce wa likita, tun da an riga an ɗebi jinin, a haɗa da gwajin sikila, musamman ga yaron da jininsa ke yawan ƙarewa. Tsohon gwajin nan na duba ko ƙwayoyi suna tanƙwarewa ba ya bambance AS da SS, kuma na'urar da ƙananan ɗakunan gwaji suka fi amfani da ita takan rikice a kan jariri ɗan ƙasa da wata 6 saboda jinin zaman ciki. Haka kuma wanda aka yi wa ƙarin jini, sai ya jira kamar wata 3 kafin sakamakonsa ya zama abin dogaro. Duk sakamakon da za a gina aure ko magani a kansa, a maimaita shi a asibitin da aka amince da shi.

Hujjar tsada ma ta faɗi. Yanzu akwai 'yan tsinkayen gwaji, irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu kama da na gwajin zazzaɓi, waɗanda ke ba da amsa cikin mintoci daga ɗigo ɗaya, ba su buƙatar lantarki, suna aiki a kan sabon haihuwa, kuma kuɗinsu bai kai na cinyar ragon suna ba. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta sun gwada jarirai fiye da 3,000 da irinsu a ƙananan asibitocin rigakafi na Gwagwalada, suka buga sakamakon a 2020, suka nuna cewa ma'aikaciyar da ke yi wa yaro allura za ta iya yi masa gwajin a zama ɗaya. To me ya hana jihohinmu, waɗanda suka iya kafa dokar hukunta wanda ya ɗaura aure babu takarda, su sanya wannan tsinke a kowane ɗakin rigakafi, su kuma tanadi fenisilin ga wanda aka samu? Gwaji ba tare da magani a bayansa ba, ɗora wa talaka labarin baƙin ciki ne kawai a sallame shi.

Ba muna kiran ma'auratan da suka gano dukansu AS ne su rabu ba. Aurensu ingantacce ne, abin da ke kansu shi ne su gwada kowane ɗa da aka haifa musu a makonnin farko. Ba mu kuma yarda a mai da sakamakon abin gori ba. Amana ce tsakanin iyaye da likita, kuma mijin da ya ɗora wa matarsa laifin haihuwar mai sikila ya sani rabin abin daga jikinsa ya fito. Auren zumunci ma, wanda wasu 'yan boko ke ɗora wa laifin duka, halal ne, kuma a ƙasar da mutum 1 cikin 4 ko 5 ke ɗauke da S, bare ma ba tsira ba ne sai an gwada.

Limaman da ke raɗa suna suna ganin kowane jariri na unguwa a rana ta 7, kafin wani jami'in gwamnati ya san an haife shi. Muna kiran su da, bayan addu'a da sanya albarka, su ja uban gefe su tambaye shi ko an gwada jinin yaron, in ba a yi ba su gaya masa ya nema ranar da za a kai shi allurar mako 6. Makarantun Islamiyya na matan aure su gayyato ma'aikaciyar lafiya ta koya wa ɗalibai lalubar saifa da gane farin tafin hannu da na cikin ido, ta kuma gaya musu cewa zazzaɓi a jikin mai sikila ba a kwana da shi a gida ana jiran gari ya waye.